HAƘƘIN WAƊANDA SUKA RIGA MU: DARASI A KAN AMBATON MAMATA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya keɓanta da wanzuwa, Ya hukunta ƙarewa a kan dukkan abin da ba Shi ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani haƙƙi ne da muke yawan tauyewa ba tare da mun lura ba, wato haƙƙin mutanen da suka yi wa al'umma aiki, sa'an nan Mai abu Ya karɓi abinSa. A cikin 'yan shekarun nan ƙasar Adar, da ƙasar Hausa baki ɗaya, sun yi rashin manyan mutane, malamai da shugabanni da masu sana'a. Duk wanda ya faɗi daga cikinsu, sai a cika masallaci, a cika ƙofar gida kwana uku, rediyo ta yi ta sanarwa, wayoyi su cika da hotunansa. Bayan arba'in kuwa sai a naɗe tabarmi. Idan aka shekara biyar, ka tambayi yaron da yake zaune a makarantar da mamacin ya kafa, ko yake shan ruwan rijiyar da ya gina, ka ce wane ne Malam wane, sai ya ce maka ya dai taɓa jin sunan.

Mantuwa ke nan. Amma akwai abin da ya fi ta muni, shi ne mu mayar da mamaci abin jayayya: masoyansa su ɗaga shi har su kai shi inda Allah bai kai shi ba, maƙiyansa kuma su bi shi da baƙar magana har cikin kabari. An hana mu duka biyun, kuma duka biyun suna hana mu cin amfanin rayuwar mutumin. Wanda aka lulluɓe da kirari, yaro ba ya tsammanin zai iya koyi da shi. Wanda aka lulluɓe da zagi kuwa, ba wanda zai tsaya ya nemi alherin da ya bari.

ABIN DA SHARI'A TA SHIMFIƊA

Asalin wannan babi yana cikin Alƙur'ani mai girma. A Suratul Hashri, aya ta 10, bayan Allah Ya yabi Muhajirai da Ansaru, sai Ya siffanta waɗanda za su zo a bayansu da cewa masu nema wa kansu gafara ne tare da 'yan'uwansu da suka riga su yin imani, kuma masu roƙo ne kada a bar wani ƙulli a zukatansu game da muminai. Mu ne waɗannan na baya, idan mun siffantu da siffar. A Suratu Yasin kuma, aya ta 12, Allah Ya sanar da mu cewa ana rubuta abin da mutane suka gabatar, ana kuma rubuta gurabun da suka bari. Malaman tafsiri sun shigar da kowace irin sunna da mutum ya kafa a cikin gurabun nan, mai kyau da mummuna, matuƙar ana aiki da ita a bayansa.

Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) kowa ya san shi: aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa, sai ta hanyar sadaka mai gudana, ko ilmin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, dukkan ƙofofin nan uku a hannun masu rai suke. Rijiya tana gudana ne idan an sami mai yashe ta. Littafi yana amfani ne idan an sami mai buɗe shi. Ashe idan muka bar abin da mamaci ya kafa ya lalace, mun tauye kanmu, kuma mun rufe wa ɗan'uwanmu ƙofar da yake jiran alheri daga gare ta.

Game da yabo, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (R.A.) cewa an wuce da wata gawa, sahabbai suka yabe ta da alheri, Manzon Allah (S.A.W.) ya ce ta wajaba, aka wuce da wata, suka ambace ta da sharri, ya ce ta wajaba. Da Sayyidina Umar ya nemi bayani, sai aka fahimtar da shi cewa Aljanna ce ta wajaba ga na farko, wuta ga na biyu, domin muminai shaidun Allah ne a bayan ƙasa. To, shaida fa aka ce. Mai shaida kuwa ba ya faɗin abin da bai sani ba, ba ya ƙari don a ji daɗi. Ku dubi abin da ya faru ga Abdullahi ɗan Rawaha (R.A.), kamar yadda Buhari ya fitar daga Nu'umanu ɗan Bashir. Ya taɓa suma, sai 'yar'uwarsa ta shiga kuka tana kiransa dutsenta, tana jera masa kirari. Da ya farfaɗo sai ya gaya mata cewa babu kalmar da ta faɗa face an tambaye shi ko haka yake. Da ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, ba ta sake yi masa irin wancan kuka ba. Wannan ya isa gargaɗi ga masu hawa lasifika a zaman makoki suna ba mamaci muƙaman da shi kansa zai firgita idan ya ji.

Game da zagi kuwa, Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito hani bayyananne daga zagin matattu, saboda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Mai tambaya zai ce, to yaya aka ƙyale sahabbai suka ambaci gawa ta biyu da sharri? Malamai, cikinsu har da Imamu Nawawi, sun haɗa hadisan biyu da cewa hanin yana kan ambaton aibi don cin zarafi, amma inda akwai maslahar gargaɗin al'umma daga wani abu da mutum ya bayyana shi da kansa, to, faɗinsa ya halatta gwargwadon bukata. Da wannan ne malaman hadisi suka yi ta bayyana raunin masu ruwaya, rayayyu da matattu, ba wanda ya ce sun yi giba. Mu riƙe wannan ƙa'ida, za mu bukace ta nan gaba kaɗan.

Sanar da rasuwa domin mutane su zo salla da addu'a ya halatta, domin Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya sanar da rasuwar Najashi, sarkin Habasha, a shekara ta 9. (Sallar da ya yi masa daga nesa, malamanmu na Malikiyya suna ganin ta keɓanta da shi ne, Shafi'awa da Hambalawa kuwa suna ganin kowa zai iya yi, wannan saɓani ne tsoho, ba abin raba sahu ba ne.) Amma ɗaukar hoton gawa a kan makara, ko a gadon likita, a riƙa aikawa da shi daga waya zuwa waya, wannan ba ya cikin sanarwa. Keta alfarmar mamaci ne, kuma ƙara wa iyalinsa ciwo ne.

MALAM JIBRILU DA ALMAJIRINSA

Ba sai mun je nesa ba wajen neman misalin yadda ake tuna babban mutum. A wannan jiha tamu aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta, shekarar 1754. A wannan jiha kuma, a ƙasar Madawa, kabarin babban malaminsa yake, wato Malam Jibrilu ɗan Umaru, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Shehu ya zauna wurinsa kimanin shekara guda, ya raka shi har Agadas, ya so ya wuce tare da shi zuwa Makka, amma Malam Jibrilu ya mayar da shi gida saboda bai nemo izinin mahaifinsa ba.

Yaya aka yi muka san wannan, bayan fiye da shekara ɗari biyu? Mun san shi ne domin Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu, da waɗanda yayansa Shehu ya yi karatu a wurinsu, da littattafan da aka karanta a gaban kowane ɗaya. Da bai yi haka ba, da yawancin sunayen nan sun bi iska. Kafin shi, Ahmadu Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya tara tarihin malaman Malikiyya a cikin Nailul Ibtihaji, ya sa malaman ƙasashen nan namu a sahu ɗaya da na Misra da Magrib. Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa mutane da yawa marsiyya, maza da mata, tana ambaton halayen da suka sa aka yi kewarsu. Ashe rubuta tarihin mamata gadonmu ne tun kafin zuwan Nasara.

Ga wurin da muke so a tsaya a yi tunani. Malam Jibrilu, saboda tsananin kishinsa ga addini, ya tafi a kan cewa masu dogewa a kan wasu manyan zunubai sun fita daga Musulunci. Shehu bai yarda da wannan ba. Ya rubuta a fili cewa wannan ya saɓa wa tafarkin Ahlus Sunna, waɗanda ba sa kafirta Musulmi da zunubi. Amma a wurin da ya yi masa raddin, a nan kuma ya nema masa uzuri, ya ce tausayin al'umma da kishin addini ne suka kai shi, ya ci gaba da yabonsa da yi masa addu'a, yana lissafa shi a cikin waɗanda suka fara tashi tsaye a kan miyagun al'adu a ƙasashen nan. Ƙaunar malamin ba ta sa ya ɓoye kuskuren ba, kuskuren kuma bai rage masa girman malamin ba. Da a ce almajiran zamaninmu ne, da ɗaya daga cikin biyu: ko su rantse malam bai taɓa kure ba, ko su ƙone littattafansa.

Wannan ladabi muna bukatarsa a yau fiye da jiya. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya rasu ranar 11 ga Satumba 1992, ya bar mana tarjamar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa. Shaihu Ɗahiru Usman Bauci ya rasu a watan Nuwamba na 2025, ya bar ɗimbin mahaddata Alƙur'ani. Dattawanmu sun sha jin tafsirinsu duka biyu a cikin azumi ta gidan rediyon Kaduna, kuma kowa ya san sun saɓa a kan mas'aloli masu nauyi. Yanzu dukansu suna gaban Wanda zai yi hukunci. Mai ganin ɗaya ya fi dacewa a wata mas'ala, ya kawo hujjarsa a kan mas'alar, ya bar mutumin. Ba a taɓa jin an ƙara wa wani lada don ya ƙi cewa Allah Ya jiƙan Musulmi ba.

MAI TARA LABARIN ADAR

A shekarar 2022 ne Allah Ya yi wa Farfesa Jibo Hamani rasuwa. Mutane da yawa a yau sun san sunansa ne kawai saboda jami'ar Tawa tana ɗauke da shi, kuma wannan shi ne ainihin abin da muke kuka da shi: suna a bisa ƙofa, aikin mai sunan kuwa ba a sani ba.

Wannan bawan Allah, ɗan ƙasar nan, ya yi karatun zamani har ƙarshensa, ya koyar da tarihi a jami'ar Yamai shekaru masu yawa. A lokacin da ake koya wa yaran lakwal tarihin sarakunan Faransa, ana nuna musu kamar ƙasarsu ba ta da labari kafin zuwan Bature, shi sai ya juyo gida. Ya zauna gaban tsofaffi ya karɓi abin da suka ji daga kakanninsu, ya gwada shi da abin da ke cikin tsofaffin takardun Larabci, irin tarihin sarakunan Agadas da rubuce-rubucen malaman Sakkwato. A 1975 ya fitar da littafinsa a kan tarihin Adar kafin mulkin mallaka. A ciki ne mai karatu zai ga yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubaraku, ya karɓe Adar daga hannun Kabawa a 1674, da yadda ya dawo ya zauna a cikinta a 1721 bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas, ya kafa gidan Sarkin Adar wanda yake Ilela a yau. A ciki ne kuma za a ga labarin Malam Muhammadu Jilani da yunƙurinsa a farkon ƙarni na 19, da yadda Hausawa da Abzinawa suka cakuɗa a ƙasar nan ta hanyar yaƙi da fatauci da auratayya, har ya zama da wuya a ba da labarin ɗaya ba tare da ɗayan ba.

A 1989 ya fitar da babban littafinsa a kan daular Abzin, a 2007 kuma ya fitar da tarihin Musulunci a ƙasar Nijar tun daga ƙarni na 7 har zuwa na 19. Ya fara da ƙarni na 7 ne domin Uƙba ɗan Nafi'u ya iso Kawar a shekarar 666, lokacin wasu daga cikin sahabbai suna da rai. Yaron da ya san wannan, ba wanda zai zo ya ruɗe shi da cewa Musulunci baƙo ne a ƙasarsa, ba kuma wanda zai ruɗe shi da cewa kakanninsa ba su san addini ba sai da wani ya zo jiya.

Dattawan da ya zanta da su fiye da shekara hamsin da suka wuce, ƙasa ta rufe su. Da ya yi jinkiri, da abin da ke cikin ƙirazansu ya bi su. Wannan shi ne ma'anar hadisin Abdullahi ɗan Amru (R.A.), cewa Allah ba Ya fizge ilmi daga zukata, amma Yana ɗauke shi ne ta hanyar ɗauke malamai. Sai dai fa littattafan nan da Faransanci aka rubuta su, alhali mafi yawan masu cika sahu a masallatanmu ba su karanta Faransanci. Muna ganin babbar karramawar da ɗalibansa za su yi masa, wadda ta fi sa suna a ƙofa, ita ce su mayar da tarihin Adar cikin Hausa da Tamajak, da boko da ajami, a karanta shi a makarantun islamiyya da zaurukan karatu, jikokin waɗanda suka ba da labarin su ji abin da kakanninsu suka faɗa.

IDAN MAMACIN MAI MULKI NE

A nan ne ƙa'idar da muka ce a riƙe take aiki. Marigayi Tanja Mamadu ya rasu a Yamai ranar 24 ga Nuwamba 2020, aka kai shi Maine-Sorowa aka rufe. Mutanen Tawa sun san shi tun kafin sauran ƙasa ta san shi sosai, domin shi ne perefen wannan jiha daga 1981 zuwa 1988, a zamanin Janar Saini Kunce da farkon na Ali Shaibu. A hannunsa fari na 1984 ya same mu, da yunwar da mutane suka laƙaba wa suna El-Buhari. An zaɓe shi shugaban ƙasa a ƙarshen 1999, aka sake zaɓensa a 2004. Shirinsa na musamman ya kai azuzuwan karatu da ƙananan gidajen likita da rijiyoyi zuwa ƙauyukan da ba su taɓa ganin aikin gwamnati ba, kuma talakan karkara bai manta da wannan ba. Duk macen da ta haihu lafiya a ɗakin da aka gina, duk yaron da ya koyi karatu a aji, muna fatan Allah Ya sa a mizaninsa.

Amma mai rubuta tarihi ba zai tsaya nan ba. Shi ne ministan cikin gida a watan Mayu na 1990, lokacin da abin da ya faru a Cintabaradan ya faru, aka zubar da jinin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, al'amarin da Babban Taron Ƙasa na 1991 ya tattauna, kuma yana cikin abubuwan da suka hura wutar tawayen da ba a kashe ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. A 2005, lokacin da ƙarancin abinci ya tsananta a wannan jiha, ya ƙi yarda a kira abin yunwa. A 2009 ya nemi tazarce, ya rushe majalisa, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, har sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010.

To, yaya Musulmi zai yi da irin wannan? Wanda ya ce kada a ambaci na biyun sam, ya zalunci iyalan da suka yi rashi, kuma ya hana masu mulkin gobe darasi. Wanda ya ce kada a ambaci na farkon, ya yi ƙaryar shaida. Abin da ya dace shi ne a faɗi abin da ya tabbata kamar yadda ya faru, da shekararsa, ba tare da zagi ko la'ana ba, ba tare da jingina wa mutum abin da ba a tabbatar shi ya aikata ba, sa'an nan a bar hukuncin niyya da rabon alhaki ga Allah, a nema masa gafara kamar yadda ake nema wa kowane Musulmi. Ko banza mai mulki ya fi kowa bukatar addu'a, domin tambayarsa ta fi ta kowa tsawo.

WAƊANDA BA A SANAR DA SU A REDIYO BA

A garin Yama akwai masallacin Juma'a na ƙasa wanda magini Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, bisa roƙon dattawan garin. A 1975 ya sake rufinsa ya ɗora masa ƙubba, aka ci gaba da ƙara masa hasumiyoyi har 1982. A 1986 aka ba wannan gini lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafiya kyau a ƙasashen Musulmi. Sunan maginin ya shiga littattafai, kuma ya cancanta. Amma wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya ɗebo ruwa a ka, wa ya saro itace, wa ya dafa wa ma'aikata abinci? Garin ne baki ɗaya, kowa da gwargwadon ƙarfinsa, kuma mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Haka matan ƙasar Keita, waɗanda tun daga 1984 suka ɗauki mafi yawan aikin farfaɗo da ƙasa, suna jera duwatsu a kan fako cikin rana, suna dasa itatuwa, alhali mazan sun tafi cin rani. Hadisin Anas ya yi bushara da sadaka ga duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. Haka maginan rijiyoyin Azawak, masu shiga ƙasa gaba da yawa da igiya a ƙugu. Sa'adu ɗan Ubada (R.A.) da ya tambayi sadakar da zai yi wa mahaifiyarsa bayan rasuwarta, ruwa aka nuna masa, ya gina rijiya da sunanta.

Sai kuma malamin zaure, wanda ya shekara arba'in yana biya wa yara allo, da malamar da ta koya wa matan unguwa alwala da salla. A kan waɗannan ne asararmu ta fi yawa. Malami ya rasu, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Ba za mu shiga saɓanin malamai a kan waɗannan ranaku a nan ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, dukiyar mamaci ana fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa daga cikinta, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan gado. Kuma ba ya halatta a yanka sa daga rabon marayu don ciyar da masu gaisuwa. Sunna ma ita ce maƙwabta su kai wa gidan mutuwa abinci, kamar yadda aka yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar (R.A.).

Bayan an watse sai a zo kan littattafan malam. Sau da yawa akan raba su kamar yadda ake raba awaki: wannan ya ɗauki rabin littafi, wancan ya ɗauki sauran, gafaka ta tafi wani gari. Magajin da ba ya karatu ya jefa nasa a cikin akwati a ɗakin da yake yoyo, gara ta ci rabi, damina ta ƙarasa. A cikin takardun nan akwai ijazozi masu ɗauke da salsalar malamai, akwai fatawoyi, akwai wasiƙu, akwai waƙoƙin wa'azi da ajami waɗanda babu kwafinsu a ko'ina. Gidajen malamai na Abalak, irin na Kel Aglal, sun shahara da riƙon irin waɗannan takardu, kuma sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na jami'ar Yamai yana adana dubbai. Shari'a ba ta hana magada su yarda a tsakaninsu su bar littattafan wuri guda a matsayin waƙafi ba, ko wanda yake karatu a cikinsu ya saye rabon sauran. Yau kuma da wayar da ke aljihun kowane saurayi ana iya ɗaukar hoton kowace warƙa kafin a raba. Wayar da ake ɗaukar gawa da ita, ga aikin da ya dace da ita.

Shawararmu ga limamai da kwamitocin masallatai ita ce, kowane masallacin Juma'a ya ajiye kundi guda. Idan wani mai amfani ga jama'a ya rasu, namiji ko mace, a sa ɗalibi mai kyan rubutu ya zauna da mutum biyu ko uku da suka san shi, kafin su ma a neme su a rasa. A rubuta sunansa da na mahaifinsa, da wurin waɗanda ya yi karatu ko ya koyi sana'a, da littattafan da ya sauke, da waɗanda ya koyar, da abin da ya gina ko ya bari waƙafi da iyakokinsa, da shekarar rasuwarsa ta hijira da ta miladiyya. A rubuta sunan wanda ya ba da labarin. Abin da aka ji ƙishin-ƙishin, ko mafarkin da wani ya yi, a bar shi waje. Rubuta iyakokin waƙafi kaɗai zai kashe shari'u da yawa da ake yi a kan filayen makarantu da maƙabartu bayan masu bayarwa sun kau.

Akwai kuma shafukan da ya kamata a fara cikawa tun yanzu. Ranar 21 ga Maris 2021, 'yan bindiga suka afka wa Intazayan da Bakorat da Wistan a ƙasar Tiliya. Gwamnati ta ba da sanarwar mutum 137, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Duniya ta riƙe adadin. Amma kowane ɗaya daga cikinsu yana da suna, yana da uwa, wani mai kiran salla ne, wani mai shayar da dabbobin mutane ne a bakin rijiya. Waɗanda suka tsira suna nan da rai, sun san sunayen, marayun kuma suna tasowa, za su tambaya. Muna roƙon 'yan'uwanmu malamai na Tiliya da Tasara da Cintabaradan su rubuta su ɗaya bayan ɗaya, da Larabci ko da Tamajak ko da Hausa, a aiko wa sauran masallatai kwafi domin a sa su cikin addu'a da sunayensu. Allah Ya karɓi shahadarsu, Ya jiƙansu tare da dukkan waɗanda muka ambata da waɗanda ba mu ambata ba, Ya ba iyalansu haƙuri, amin.